Sau Biyu Ka Ja Igiya, Baba Rabo

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, da mai haƙa rijiya da mai shan ruwanta.

Ranar Talata, ashirin da huɗu ga watan Ƙaramar Salla, sha ɗaya ga Afirilu na 1961, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Rabo mai haƙar rijiya a gidansa na Gidan Sori, bayan jinyar kwana uku. An yi masa sutura bayan azahar. Ni Baƙo ɗan Jika, ɗaya daga cikin samarin da ya koya wa sana'a, na rubuta wannan a sauran takardun littafina na lakol, wato makarantar boko, domin in karanta shi yau, ranar sadakar bakwai, a gaban iyalinsa da duk wanda ya zo.

Baba, bari in fara da abin da ka koya mana mu riƙa farawa da shi: ina jin tsoro. Rijiyar da ka bari a Garin Bakari tana nan baki buɗe, gaba ashirin da biyu da awon hannuwanka, ba ta kai ruwa ba. Gida goma sha ɗaya ke jiranta. Matansu suna fita da jakuna tun da safe, ba sa dawowa sai rana ta karkata, kuma maigari Bakari ya faɗa da bakinsa cewa in bana ma ba a samu ruwa ba, kowa ya ɗaure kayansa. Gaba biyun ƙarshe ba mu jera musu itace ba tukuna. Ruwan sama na farko in ya same su haka, yashi zai rufto, aikin wata huɗu ya tafi. Dole wani ya sauka gobe, kuma ni ka miƙa wa daginka.

Ka san ni tun lokacin da ba ni da amfani ga kowa. Na yi shekara shida a lakol a Maraɗi, na faɗi jarrabawar satifika, na dawo gida ina ɗan sha bakwai, hannuna ya manta hauya, buro kuma, wato ofishin gwamnati, ba ta san da ni ba. Samarin gari suka sa mini suna Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakol, amma suna jan kalmar yadda ba za ka gane ko malamin suke nufi ko abin da angulu ke ci ba. Na daina zuwa dandali, na daina zuwa gayya. Ban da hura da kwanciya ba abin da na iya.

Wata ranar kasuwar Cadakori na same ka kana duba igiya wajen masu kaba. Ban san abin da ya taɓa ni ba, ko gaisuwa ban gama ba na tambaye ka me ya sa a bakin gulbi gaba uku ake samun ruwa, a kan tudu kuma sai an yi ashirin. Ka dube ni daga sama har ƙasa, ka ce, "Shekara talatin ina haƙa, ba wanda yat taɓa tambaya ta wanga. Ɗan wa kake? Taho gobe da sahe." Na je ne don kawai ban da wurin zuwa.

A ranar na ga gwajin da kake yi wa kowane sabon saurayi. Ka ɗaura mini igiya a ƙugu, ka faɗa mini dokar aikin. Murya ba ta fitowa daidai daga cikin rijiya mai zurfi, saboda haka igiya ce ke magana. Ja ɗaya, a ɗago kwandon ƙasa. Ja biyu, a fito da mutum. Wanda ke riƙe da igiya a sama, in ya ji biyu, sai ya yi wa masu ja kira kawai. Ba ya leƙawa, ba ya tambaya. Ka ce a doron ƙasa in tambaye ka duk abin da na ga dama har ka gaji, amma ban da lokacin da igiyar mutum take hannuna.

Aka zura ni. Bakin rijiya ya yi ta ƙanƙancewa a bisa kaina har ya koma kamar faifai, sanyi ya taso daga ƙasa, yashi yana zubo mini a wuya. Ƙafata ba ta ma taɓa ƙasa ba na fizgi igiya sau biyu, har ina jin na ƙara na uku. Da aka fito da ni, samari suna ta faɗuwa don dariya, wani yana cewa Mushe ya ga kabarinsa. Kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba. Ka kwance mini igiya da hannunka, ka ce, "Wanga shina yin haƙa."

A wannan makon aka gwada Cindo, ɗan kokawar da duk yankinmu ake ji da shi. Ya zauna a ƙasa tun hantsi har rana ta take tsaka bai ja ba, sai da ka sa aka fito da shi, ya fito yana buga ƙirji. Shekara guda cur ka sa shi kwasar ƙasa a sama, ba ka bar shi ya ƙara sauka ba. Ya yi fushi, ya yi yaji sau biyu, ka bi shi har gida ka lallaso shi. Mu duka mun ɗauka rashin adalci ne, har ranar da ka ba mu labarin ƙanenka Yahaya.

Zamanin aikin dole ne, aka kwashe ku haƙar rijiya a bakin hanyar mota. Mai tsaron ku yana da bulala, duk wanda ya nemi a fito da shi kafin lokaci sai ya sha ta, a kira shi rago a gaban jama'a. Yahaya saurayi ne mai zuciya, ba ya son a ce masa rago. Iskar ƙasa ta ɓaci yana ciki, bai ja ba. Kai ke riƙe da igiyarsa, kana ta mamakin yadda kwando ya daɗe bai motsa ba. Ka gaya mana cewa tun daga ranar ka fi tsoron saurayi mai kunyar faɗin tsoronsa fiye da ruɓaɓɓiyar igiya, domin ita igiya ana ganin inda ta ci. Daga nan ne ka ɗauko al'adar zura fitilar man gyaɗa kowace safiya kafin mutum ya sauka. In ta mutu a hanya, ranar ba aiki, ko sarki ne ya aiko.

Shekara biyar na yi tare da kai, Baba, kuma ba haƙa kaɗai na koya ba. Kana da wani ido na ganin abin da ke cikin saurayi tun shi bai gan shi ba. Nomau mai in'ina ne, kafin ya gama sallama mutane sun wuce, har uwayensa sun ɗauke shi dolo. Ka lura ba ya gajiya da abu guda, ka damƙa masa igiyoyi. Yau Nomau yana bin igiya taƙi taƙi da yatsunsa kowace safiya, kuma tun da ya karɓi aikin ko zare ɗaya bai taɓa tsinke mana ba. Ni kuma da nake ɓoye littafina don kunya, ka ce in fito da shi in riƙa rubuta kowace irin ƙasa da muka ratsa, ja ce ko fara, yashi ko marmara, da zurfin da aka same ta. Karatun da ya sa ake yi mini dariya ya zama abin da ake zuwa tambaya ta a kai. Ranar da ka ce a gaban maigarin wani ƙauye, "Ku dakata in tambayi Baƙo, shi ad da littahi," na koma bayan bukka na yi kuka kamar yaro.

Ban manta ranin da muka yi wajen Gangara ba. Gaba sha takwas muka haƙa muka ci karo da dutsen da ya lanƙwasa dagi biyu. Wata uku a banza. Na zauna a kan tulin ƙasa na ce ni dai duk abin da na taɓa sai ya lalace, lakol ta ƙi ni, ƙasa ma ta ƙi ni. Ba ka ba ni haƙuri ba, ba ka kuma yi mini faɗa ba. Ka ce in buɗe littafi in karanta maka abin da muka ratsa. Da na kai wajen wata baƙar laka a gaba na tara, ka tsayar da ni, ka ce a nan ƙasa ta gaya mana gaskiya muka ƙi ji. Muka cike ramin, muka matsa taki sittin zuwa gangare, muka fara daga fari. A gaba sha huɗu ruwa ya ɓullo. Tun daga ranar in abu ya ƙi mini, sai in nemi inda na ƙi ji, ba na ƙara cewa ni ne lalatacce.

Bara da damina, da labari ya iso cewa ƙasarmu ta samu mulkin kai, samari sun rikice. Wasu na murna, wasu na cewa in Nasara ya tafi wa zai riƙe ƙasa, wasu na jiran a raba motoci. Cindo ya tambaye ka mene ne 'yancin nan da ake ta faɗa. Kana gyaran bakin dagi, ko kai ba ka ɗaga ba, ka ce, "Ni dai abin da nis sani, ka ja igiya a hiddo ka, ba a ce maka don mi ba." Muka yi dariya, muka ce Baba komai sai ya kai shi rijiya. A ranin nan da muke ciki Cindo ya ja sau biyu karo na farko, ya fito yana kallon ƙasa, ka rungume shi a gaban kowa.

Yanzu na zo wurin da alƙalamina ya yi ta tsayawa. Akwai abin da mutanen da ke zaune a nan ba su sani ba, in ban da matarka da mu biyar da muke bakin rijiya, kuma su huɗun sun rufa mini asiri. Ni ba zan rufa wa kaina ba.

Ranar Asabar, a rijiyar Garin Bakari, ni ke da sauka. Fitila ta je ƙasa ta dawo da wutarta. Amma tun da na tashi gabana ke faɗuwa, ban san dalili ba. Na bi dokarka, na ce, "Baba, yau jikina bai ba ni ba." Ka ce ba komai, ka karɓi igiya ka ɗaura wa kanka, ka ce dama ƙasa ta fara danshi, kana son ka shaƙi ƙamshinta da kanka. Ka ba ni riƙon igiyarka.

Kwando shida ya fito. Ina jin ƙarar dagi yana dukan marmara, sai na ji ƙarar ta sauya, kamar an fasa tulu. Jim kaɗan igiya ta motsa a hannuna sau ɗaya, ta ƙara motsawa.

Na ji, Baba. Wallahi na ji sarai, biyu ne. Amma a shekara biyar ban taɓa ganin ka ja biyu ba, waɗanda suka riga ni ma ba su taɓa gani ba. Zuciyata ta ce ai igiya ce ta sarƙe da kwando. Ta ce in na sa aka fizgo Baba Rabo kamar sabon shiga alhali bai nema ba, da wane ido zan dube shi? Sai na durƙusa, na leƙa, na yi kira, "Baba, kai ne kaj ja?" Na saurara. Na ƙara kira. Abin da za a karanta Fatiha sau uku ya wuce ina tambayar rami. Nomau ne, wanda kalma ɗaya take ɗaukar masa lokaci, ya ture ni ya daka tsawa, "Ku ja!" ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Ka fito kanka a langaɓe, leɓɓanka sun yi baƙi. Muka yi ta yayyafa maka ruwa har ka buɗe ido, amma tarin da ya kama ƙirjinka bai sake ka ba.

Kwana biyu ina zagaya gidanka kamar ɓarawo, ban iya shiga ba. Ranar Litinin da la'asar matarka Gwaggo Barira ta fito ta kama hannuna, ta ce kana kira na. Na durƙusa a bakin tabarmarka ina jiran abin da na cancanta. Maganarka a hankali take fita, kana hutawa tsakanin kalmomi, amma na riƙe ta duka.

Ka ce, "Da kac ce jikinka bai ba ka ba, ka yi daidai. Ko gobe ka ji haka, ka hwaɗi. Kuskurenka guda ne, ka leƙo."

Na ce na sani, ka yafe mini.

Ka ce, "Dakata, ban ƙare ba. Wa yas sa ka leƙo? Ni ne. Na koya muku ja, ban taɓa ja kun gani ba. Sau nawa ya kamata in ja, nid daure, don ina kunyar ɗiyana. Tun ran da Yahaya ya mutu ban taɓa sauka ba sai cikina na rawa, amma na bari kunka ɗauke ni dutse. Rabin laihin naka, rabi nawa. Na yahe naka, ka yahe nawa."

Na gyaɗa kai. Ka sa Gwaggo ta jawo daginka daga bayan ƙyaure, ka ɗora hannuna a kansa, ka ce in ƙarasa wa mutanen Garin Bakari rijiyarsu, kuma kada in yarda waɗanda za su bi ni su ɗauke ni dutse. Washegari da hantsi rai ya yi halinsa.

Wannan ne alherinka na ƙarshe gare ni, kuma ya fi duk sauran nauyi. Mutum yana kwance numfashi na gagarar sa, ya ga saurayin da ya jawo masa, maimakon ya bar shi da kayansa sai ya raba kayan biyu ya ɗauki rabi. Da ka tafi ba ka faɗi haka ba, da ban ƙara taɓa igiya ba har abada, da na koma Mushen da ake nufi da angulu. Ban sani ba ko jinkirin nan ne ya kashe ka, ko da an fizgo ka nan take ma kwananka ya ƙare. Malamai sun ce mini ajali ba ya gaba ba ya baya, na kuma yarda. Amma hannuna ya ji biyu bakina ya yi tambaya, wannan kam ni na sani.

Tun ranar Alhamis muke gyara iskar rijiyar yadda ka nuna mana, muna zura rassan ganye muna jan su sama da ƙasa, muna kwarara ruwan da matan garin suka hana kansu sha suka ba mu. Ranar farko fitila ta mutu a gaba sha biyar, ta biyu a sha tara. Jiya ta isa ƙasa, ta zauna, ta dawo tana ci. Da na ga wutar nan ta fito, kowa na hamdala, ni kuwa ban yi murna ba, domin hujjata ta ƙarshe ta ƙare. Ranar Asabar ma ai da wutarta ta dawo. Kuma shekaranjiya da yamma mun ga hadari ya leƙo ta gabas, ya koma.

Cindo ya same ni ya ce shi zai sauka a madadina. Na gode masa, na kuma so in ce to, har bakina ya buɗe. Amma na riga na ga abin da ke faruwa in wani ya sauka a madadina. Na dubi kaina da kyau kamar yadda kake sa mu yi: wannan tsoron ba irin na Asabar ba ne da ya zo ba dalili, wannan na san sunansa, na san inda ya fito, kuma ko shekara na jira zan same shi zaune a bakin rijiyar yana jira na. Saboda haka zan sauka da shi. Littafina ya nuna fararen tsakuwa sun fara fitowa a kwandon ƙarshe da ka aiko, irin waɗanda muka gani a Gangara gaba ɗaya kafin ruwa. Kai ka kai mu bakin ruwan, Baba, abin da ya rage kaɗan ne, amma tsoro bai san lissafi ba.

Ku samarin da ke nan, da waɗanda suka yi aiki da shi da waɗanda ba su yi ba, ku dube ni da kyau. Ni ne babban mahaƙi yanzu, ba don na isa ba, kuma ina gaya muku a gaban iyayenku cewa tsoro nake ji. Gobe in na ji abin da ban gane ba a ƙasa, zan ja sau biyu, ko da sau goma ne a yini, duk mai dariya ya yi. Gara ku san ni matsoraci ku fizgo ni da ku girmama ni ku tsaya tambaya.

Gwaggo Barira, ina yi miki ta'aziyya, ina kuma neman gafararki a gaban jama'a. Ke kika dafa mana tuwo rani biyar ba ki taɓa bambanta mu da 'ya'yan cikinki ba. Kin san abin da na yi tun ranar Litinin, kina zaune kika ji, amma jiya kika aiko mini da fitilarsa cike da mai, kika ce in kula da lagwani. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki. Husaina da Balkisu, ubanku ya tafi bai bar ɗa namiji ba, amma ya bar muku 'yan'uwa a kowane ƙauyen da ya haƙa, ƙofarmu taku ce muddin muna raye. Ina yi wa dangi na Gidan Sori da na Tibiri ta'aziyya, da mutanen Garin Bakari, da duk wanda ya taɓa zura guga a rijiyar da hannunsa ya haƙa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Rabo, Ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya shafe rayuwarsa a cikin ƙunci da duhu domin bayinKa su sha, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa. Ka sa kowane kurɓi da mutum ko dabba za su yi a rijiyoyinsa ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ka haɗa shi da ƙanensa Yahaya a Aljanna, Ka shayar da su daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen.

Nomau, gobe da hantsi igiyata tana hannunka. In ka ji biyu, kada ka leƙo. Jama'a, a yi wa Baba Fatiha, a ƙara ɗaya domin ni.